Lasisin Aikin Lantarki: Abin da Ya Kamata Mai Wayarin Ya Sani

Gabatarwa

A Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, yawancin masu aikin wayarin a hannun ubangida suka koya. Yaro kan shafe shekaru yana riƙe tsani da fasa bango kafin a yaye shi. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin nuna cewa iya aiki daban, izinin yin aikin daban, sannan in bayyana matakan samun izinin.

Matakin Farko: Shaidar Koyo

Wanda ya koya a shago yana iya zama jarrabawar gwajin sana'a, wato Trade Test, ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Daraja uku gare ta: ana farawa da ta 3, sai ta 2, a ƙare da ta 1 wadda ita ce babba. Ɗalibin kwalejin fasaha kuwa jarrabawar hukumar NABTEB mai hedikwata a Benin yake zama, ya sami takardar NTC, daga baya ANTC. Mai son zurfafa karatu sai ya nemi difloma a makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi da masu aikin hannu na fannin rajista.

Mataki na Biyu: Izinin Aiki

A nan ne na ga mutane da dama suna ruɗewa. Takardun da na ambata shaidar koyo ce kawai. A da, sashen duba ayyukan lantarki na Ma'aikatar Wutar Lantarki ne ke bayar da lasisin wayarin. Dokar 2015 ta mayar da wannan aiki hannun hukumar NEMSA, Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta bar mata shi. Mai nema zai gabatar da takardunsa da shaidar ayyukan da ya yi, a gwada shi, sannan a ba shi takardar ƙwarewa. Rukuni-rukuni ce, gwargwadon girman aikin da mutum zai iya ɗauka, domin wayarin shago ba ɗaya yake da kafa taransifoma ba.

Dalilin Wannan Tsari

Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Jos ke kawowa gidajen Azare bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma ta isa ta kashe mutum. Ƙwararre ya san waya mai girman murabba'in milimita 1.5 ta fitila ce, soket kuwa sai mai 2.5. Idan aka ɗora wa siririyar waya dutsen guga da hita, sai ta yi zafi, robarta ta narke, wuta ta tashi. Mutanen Azare ba su manta da gobarar babbar kasuwa ta 2018 ba, don haka sun san irin ɓarnar gobara.

Kammalawa

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. Ina kira ga matasanmu masu wannan sana'a da su nemi takardunsu, domin da su ake samun kwangilar hukuma da ta kamfanoni. Mai gida kuma kada ya ji nauyin tambayar takarda kafin ya ba da aiki, domin araha ba ta ado. Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.