ƘURI'AR MAI BI DA KUJERAR ALƘALI

Karatu: Fitowa 18:13-26, 2 Tarihi 19:4-11, 1 Sarakuna 21:1-16

Manufa: Iyalin Kirista su gane yadda ake naɗa alƙalai a ƙasar nan, su kuma san nawayar da ke kansu kafin ranar zaɓe.

Gabatarwa

A jihohi da yawa na Amurka jama'a ne suke zaɓen alƙalai da ƙuri'a. A Nijeriya ba haka abin yake ba, naɗa su ake yi. Wannan ya sa masu bi da yawa suke tsammani zancen alƙalai bai shafe su ba. Amma wanda ya zaɓi mai naɗawa, yana da hannu a naɗin. Gwauruwar da za ta tsaya gaban kotu a Kafanchan ko Zonkwa saboda gonar mijinta, za ta girbe abin da aka shuka a rumfar zaɓe.

Abin da Maganar Allah ta Koyar

Sa'ad da shari'ar jama'a ta yi wa Musa yawa, surukinsa Yetro ya ba shi shawara ya nemi mataimaka. Abin lura shi ne ma'aunin da ya kafa masa. Bai ambaci dangi ko dukiya ba. Abubuwa huɗu ya nema: iyawa, tsoron Allah, riƙon gaskiya, da ƙin toshiyar baki. Sarki Yehoshafat kuma, da ya sa alƙalai a biranen Yahuza, ya tuna musu cewa aikin na Ubangiji ne, kuma Ubangiji ba ya tara, ba a kuwa sayensa.

Labarin Nabot ya nuna abin da ke faruwa in an rasa wannan ma'auni. Sarki Ahab ya yi ƙyashin gonar inabin da Nabot ya gada, Yezebel ta aika wa dattawan garin wasiƙu, su kuwa suka zauna kamar masu shari'a, suka karɓi shaidar zur, aka jajjefe marar laifi. An bi tsari, an kira shaidu biyu, duk da haka kisankai aka yi. Mugun mai mulki ba ya rasa alƙalin da zai yi masa aiki, in shi ne ya ɗora shi.

Abin da Tarihi ya Koyar

Mutanen kudancin Kaduna ba baƙi ba ne ga wannan magana. Bayan rikicin Zangon Kataf na 1992, gwamnatin soja ta Janar Babangida ta kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo. A 1993 kotun ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot da waɗansu 'yan'uwansa Atyap hukuncin kisa, ba kuwa damar ɗaukaka ƙara. Sai da aka yi ta koke-koke a ciki da wajen ƙasa kafin aka mai da hukuncin ɗauri. A lokacin ba ƙuri'ar da za a tambayi kowa da ita.

Bayan mulkin farar hula ya dawo, rikicin shari'a na Fabrairu 2000 ya ci rayuka masu yawa a Kaduna. A 2001 gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta soke kotunan yanki, ta kafa kotunan shari'ar Musulunci da kotunan gargajiya, kowanne domin mutanensa, a gefen kotunan majistare da Babbar Kotu. Gwamna da 'yan majalisa, waɗanda jama'a suka zaɓa, su ne suka yi wannan doka. Ashe irin kotun da mutum zai shiga ma daga akwatin zaɓe take fitowa.

Yadda Ake Naɗin

Bisa ga tsarin mulki na 1999, Hukumar Shari'a ta Ƙasa ce take ba da sunan wanda ya cancanta, gwamna ya naɗa. Alƙalin Babbar Kotun jiha dole ya kai shekara 10 da zama lauya. In kuwa Babban Jojin jiha ne, ko shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Gargajiya, ko na ta shari'ar Musulunci, sai majalisar dokoki ta amince. Ta jihar Kaduna tana da wakilai 34. Majistarori da alƙalan kotunan gargajiya, waɗanda talaka ya fi haɗuwa da su, Hukumar Ma'aikatan Shari'a ta jiha ce take ɗaukarsu, gwamna kuwa yana da hannu wajen sa waɗansu membobinta. A tarayya, shugaban ƙasa ne yake naɗa alƙalan Kotun Ƙoli, Majalisar Dattawa ta tabbatar.

Tun 2023 alƙalan manyan kotuna suna aiki har su kai shekara 70 da haihuwa. Gwamna ba ya wuce shekara 8 a kan mulki, amma wanda ya naɗa yana iya yin shari'a shekara 20 bayan saukarsa, har a kan 'ya'yan waɗanda suka jefa ƙuri'ar.

Yadda Iyali za su Bincika

Na fari, a san sunan kowane ɗan takara, ba na gwamna kaɗai ba. Mutane da dama a Jama'a, Kaura, Jaba da Sanga ba su san wakilinsu na majalisar jiha ba, ga shi kuwa bakinsa yana cikin tabbatar da shugabannin kotuna.

Na biyu, a duba abin da ya riga ya yi, ba abin da ya faɗa a bagade ranar godiya ba. Ya taɓa yin biyayya ga umarnin kotu sa'ad da hukuncin bai yi masa daɗi ba? Ya biya ma'aikata hakkinsu? Yaya gidansa yake? Wanda ya raina alkawarin aure da wuya ya girmama rantsuwar aiki.

Na uku, a tambaye shi matsayinsa a kan 'yancin sujada da shelar bangaskiya, wanda sashe na 38 ya tanada, da sashe na 10 da ya hana gwamnati ɗaukar addini guda ya zama na hukuma. A tambaye shi kuma game da gādon gwauraye da marayu, da hukunta masu zub da jini ko su wane ne.

Na huɗu, kada sunan baftisma ya zama ma'auni. 'Ya'yan annabi Sama'ila ma sun ci hanci a Biyer-sheba. Adalcin da mai bi yake nema dole ya kai ga maƙwabcinsa Bahaushe da Bafillatani, gama Littafin Firistoci 24:22 ya sa baƙo da ɗan gari a ƙarƙashin doka ɗaya.

Na biyar, kada a sayar da ƙuri'a. Wanda ya karɓi gishiri da atamfa ya riga alƙalin cin toshiyar baki.

Akwai kuma wata ƙofa da ta buɗu. A 2025 Hukumar Shari'a ta Ƙasa ta fara buga sunayen waɗanda ake shirin naɗawa domin jama'a su faɗi abin da suka sani a kansu. Lauyoyi da dattawan ikkilisiya su riƙa lura da wannan, su yi magana da shaida, ban da jita-jita.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. A cikin halaye huɗu da Yetro ya ambata, wanne ne ya fi wuyar samu yau?
2. Me dattawan garin Nabot za su iya yi dabam?
3. Wa yake wakiltar mazaɓar iyalin a majalisar jiha, me kuma aka sani game da aikinsa?
4. Kowane baligi a gidan yana da katin zaɓe?

Addu'a: A roƙi Ubangiji domin alƙalai, da masu naɗa su, da waɗanda suke jiran shari'a a kurkuku, bisa ga 1 Timoti 2:1-2.