Darasin Juma'a: Saƙe-saƙen Zuciya da Yadda Ake Tsaron Ƙofarta

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, a makon jiya bayan isha'i wani saurayi ɗan garinmu ya tsaya har masallaci ya watse, sannan ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Malam, ina tsoron ko na fita daga Musulunci ban sani ba." Na ce subhanallahi, me ya faru? Ya ce da ya kabbarta sallah sai munanan tunani game da Allah su riƙa faɗo masa, irin waɗanda bakinsa ba zai iya maimaitawa ba. Alwala kuwa sai ya yi sau huɗu, sau biyar, har jam'i ya wuce shi. Wata uku yana cikin wannan hali, ko matarsa bai gaya wa ba. Da izininsa nake rubuta wannan, domin na san akwai irinsa da yawa a sahunmu, kunya ce kawai ta rufe musu baki.

Baƙi a bakin titi

A Yerimaram na tashi, cikin Potiskum. Duk wanda ya san garin ya san babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa shi, tireloli ba dare ba rana, balle ranar Laraba da kara ke ci. Wata rana na kai wa malaminmu na zaure irin wannan kuka, na ce tunani ya hana ni sakat a sallah. Sai ya ce, "Yaro, in ka zauna a bakin titi mota ɗari ta wuce ka, nawa ce taka a ciki?" Na ce babu, Malam. Ya ce, "To wadda ka tsayar ka hau, ita za a tambaye ka kuɗinta."

Da na girma na ga ashe maganar tana da tushe. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka saƙa musu, muddin ba su aikata ba ko su furta. A cikin Muslim kuma, wasu sahabbai sun zo wa Manzon Allah (SAW) da irin kukan saurayin nan, cewa suna jin abin da ya fi ƙarfin su faɗa. Ya tambaye su ko da gaske suna jin nauyinsa haka, suka ce e, sai ya shaida musu cewa wannan shi ne tsantsar imani. Malamai suka ce ƙin abin da jin tsoronsa shi ne alamar imanin. Ai ɓarawo ba ya fasa shagon da babu kaya.

Matakai huɗu kafin aiki

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, wato 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin kan abubuwan al'ajabi na zuciya. Ya ce kafin gaɓɓai su motsa, abu huɗu ke faruwa a ciki. Bari mu ɗauki misali daga kara.

Kana da sa mai ɗingishi wanda ba ya nunawa sai an yi tafiya da shi. Mai saye ya zo. Na farko, tunani ya gilma: in na yi shiru ba zai gane ba. Na biyu, rai ya karkata, ka ji daɗin ribar da za ta shigo. Na uku, zuciya ta yanke hukunci cewa yin shirun shi ya dace. Na huɗu, ka ƙulla niyya.

Na farko da na biyu ba a kama bawa da su, domin ba shi ya kira su ba. Na uku ana duba ko da zaɓinsa ya yanke. Na huɗu kuwa nasa ne. Amma ga rahama: in ya ƙulla niyyar sannan ya fasa don tsoron Allah, ya ce wa mai saye, "Alhaji, duba ƙafar bayan nan tukuna," lada za a rubuta masa. Kun ga tsakanin gilmawar tunani da aiki akwai fili, kuma a wannan filin ake cin riba ko a faɗi.

Daga ina suke zuwa?

Malaman tarbiyya sun kasa abin da ke faɗo wa zuciya gida huɗu: wanda Allah ke jefawa kai tsaye, ilhamar mala'ika, son rai, da waswasin Shaiɗan. Ma'aunin farko shi ne shari'a: duk tunanin da ya kira ka ga haram ka san inda ya fito. Sai kuma alama ta biyu. Son rai kamar yaro yake a gaban mai tsire, abu ɗaya yake so, a kansa zai nace. Shaiɗan shi kamar mugun dillali ne, in ka ƙi wannan haja ya ɗauko wata, burinsa dai ka saya. Yana raunana da zikiri, shi ya sa Suratun Nasi ta siffanta shi da mai noƙewa.

Ibnu Ashir, malamin Fas da ya rasu a 1040 bayan Hijira, a ƙarshen Murshidul Mu'in ya yi wa mumini nasiha da harshen kasuwa: ya riƙa ɗora tunaninsa a kan ma'auni, ya ɗauki farilla uwar kuɗi, nafila kuwa riba. Ku da ba ku karɓar buhu sai an ɗora a sikeli, don me za ku karɓi duk abin da zuciya ta miƙo ba awo?

To wane ne "ni"?

In tunani baƙo ne, wane ne maigidan? Gazali ya ce kalmomi huɗu, zuciya da ruhi da rai da hankali, kowace tana da ma'ana ta zahiri, amma duk suna haɗuwa a kan abu guda: wani sirri da Allah ya sa a cikin ɗan Adam, shi ke sani, shi ake yi wa umarni, shi za a yi wa hisabi. Haƙiƙanin ruhi kuwa Suratul Isra'i, aya ta 85, ta nuna mana lamarin Ubangiji ne, iliminmu a kai kaɗan ne.

Alƙur'ani ya ambaci rai da siffa uku: mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, mai yawan zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da natsattse a Suratul Fajri. Rai ɗaya ne, hali ne ke sauyawa. Wanda da safe ya so ya yi algus, da azahar ya ji kunyar kansa, da dare ya yi istigfari ya samu natsuwa, mutum guda ne. Saboda haka kada wani ya yanke wa kansa hukunci da mafi munin abin da ya taɓa ratsa zuciyarsa. Hausawa sun ce zuciyar mutum birninsa. Aikin mai birni tsaron ƙofa.

'Ya'yanmu suna cin karo a waya da darussan zama shiru da bin numfashi. Asalin yawancinsu daga addinin Buddha ne, wani masani a Amurka mai suna Jon Kabat-Zinn ya shigar da su harkar asibiti a 1979. Zama shiru da lura da tunani ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Annabi (SAW) ya keɓe a kogon Hira tun kafin wahayi. Inda muka rabu shi ne koyarwar Buddha ta ce babu wani rai tabbatacce a cikin mutum, mu kuwa mun yi imani akwai ran da zai tsaya gaban Allah. Kuma shirunmu yana da alƙibla: hadisin Jibrilu ya fassara ihsani da bauta wa Allah kamar kana ganinsa, tare da sanin cewa Shi yana ganinka. Wannan sanin shi ake kira muraƙaba.

Lissafin ɗan kasuwa da ransa

A wani babin na Ihya, Gazali ya kamanta hankali da ɗan kasuwa, rai kuma da abokin haɗin jarinsa, wanda in ba a sa masa ido ba zai cinye uwar kuɗi. Ya jero matakai shida. Ga uku da kowa zai iya farawa gobe in Allah ya kai mu.

1. Sharaɗi da safe. A Yerimaram mun taso muna ganin dattawa a kan buzu bayan asuba har rana ta fito, na ɗariƙa da na Izala duka, kowa da azkar ɗinsa. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura cewa haka Annabi (SAW) yake zama. In kasuwa ba za ta bar ka ba, ka ba da minti 10 kafin ka taɓa waya. Yi zikirinka a hankali, kana jin abin da kake faɗa. Tunanin motar da ke hanya zai zo, da bashin da ake bin ka. Kada ka yi kokawa da shi, ka gane shi, ka dawo kan zikirinka. Sannan ka gindaya wa ranka sharaɗi guda na ranar: yau ba rantsuwa a ciniki.

2. Sa ido da rana. Kafin ka yanka farashi, kafin ki mayar wa maigida ko maƙwabciya da magana, a ɗan dakata gwargwadon numfashi ɗaya: wannan don wa?

3. Lissafi da dare. Yadda ba ka kwana sai ka ƙirga cinikin yini, ƙirga na ranka. Inda aka ci riba a gode, inda aka faɗi a yi istigfari, haƙƙin mutane kuma a mayar.

Ga mai waswasi

Littafin Ahalari da muka haddace muna yara ya yanke magana: wanda waswasi ya aura ya watsar da kokwanton, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi sujada ba'adi kawai. Alwala ɗaya ta isa, maimaitawa abincin waswasi ne. Usmanu ɗan Abil As ya kai kukan Shaiɗan yana rikita masa sallah, Annabi (SAW) ya umarce shi ya nemi tsari ya yi tofi ta hagu sau uku, ya yi, Allah ya yaye masa. Kuma kada ka ce sai ranar da tunani ya ɗauke ɗif sannan sallarka ta karɓu. Buhari ya kawo cewa Sayyidina Umar yakan tsara rundunarsa a zuci yana cikin sallah. Abin da ake nema shi ne dawowa, duk sanda ka farga.

Magana ta ƙarshe. Cikinmu akwai waɗanda suke kara ranar 2 ga Mayu 2012 da aka kai hari, akwai waɗanda suka rasa 'ya'ya a harin makarantar kimiyya na Nuwamba 2014. Wasu har yau abin yana dawo musu, barci ya gagara, ƙarar salansa ta sa gaba ya faɗi. Wannan rauni ne, kamar karaya, babu ruwansa da ƙarancin imani. Haka waswasin da ya hana mutum aiki da zaman iyali. A yi addu'a, a kuma ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba nan Ikko, akwai na Aro a Abekuta, akwai na Maiduguri ga na gida. Zuwa can ba ya nufin hauka, neman magani sunna ce.

Saurayin nan na ce ya yi alwala ɗaya a gabana, muka yi shafa'i da wutiri tare. Shekaranjiya na gan shi a sahun farko da asuba. Ku sa shi a addu'a.

Allah ya tsarkake zukatanmu, ya jiƙan magabatanmu, ya kai matafiyanmu gida lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Mako mai zuwa in sha Allahu za mu duba sauran matakai ukun. Wassalamu alaikum.