Yadda Saƙo Ke Tafiya a Jiki, da Yadda Ƙwaya Ke Tare Shi

A Panteka da ke Kaduna, inda ƙarar guduma ba ta yankewa, idan mai walda ya dafa ƙarfe mai zafi bisa kuskure, hannunsa kan fizge tun kafin ya ce wash. Ba shawara ya yi ba. Saƙo ne ya tashi daga fatar yatsa, ya bi jijiya zuwa lakar da ke cikin ƙashin baya, daga can umarni ya dawo cewa hannu ya janye. Sai daga baya labari ya isa ƙwaƙwalwa, sannan ya ji zafin.

Jijiyoyin da ke wannan aiki ba jini suke ɗauka ba, saƙo suke kaiwa. An gina su da ƙwayoyin halitta dogaye, sirara ƙwarai, ba a ganin guda ɗaya sai da madubin likita. A ƙwaƙwalwar mutum kaɗai akwai kimanin biliyan 86. Saƙon yana bi ta cikinsu ne da 'yar wutar lantarki. A wasu jijiyoyin gudunsa yakan kai mita 100 a daƙiƙa ɗaya, a wasu kuwa bai wuce mita 2 ba. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yake fara jin zafi mai kaifi nan take, can sai zugi ya biyo baya.

To amma ƙwayoyin nan ba a manne suke da juna ba. Tsakanin ƙarshen wannan da farkon waccan akwai ɗan giɓi. Da saƙo ya iso bakin giɓin, sai ta farko ta fesa wani sinadari, ya ƙetara, ya sauka a wani gurbi a jikin ta biyu. Kowane gurbi da sinadarin da ya dace da shi, kamar yadda kowace ƙofa take da mabuɗinta. Wani masani a ƙasar Ostiriya, Otto Loewi, ya nuna haka a 1921. Ya motsa jijiyar zuciyar kwaɗo har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa wata zuciyar, ita ma bugunta ya ragu.

A 1973 masu bincike suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana da gurabu na musamman da maganin mofin yake sauka a kansu. A 1975 kuma, a birnin Abadin na Sikotlan, aka gano dalilin: jiki yana haɗa nasa sinadarin rage zafi, kuma gurabun nasa ne. Mofin, kodin da tiramol baƙi ne da suka dace da waɗannan gurabu. Kodin ma, in ya shiga jiki, hanta ce ke mai da wani ɓangarensa mofin. A hannun likita magunguna ne masu amfani, wanda aka yi wa tiyata ko ya karye a hatsarin mota ya san darajarsu.

Matsalar tana farawa ne a wajen asibiti. Ɗan dako a Kasuwar Sheikh Gumi, ko lebura a wurin gini a Kawo, yakan ce, “In na sha ba na jin gajiya.” Gaskiya ya faɗa, ba ya jin ta. Amma gajiyar tana nan daram. Ƙwayar ba ta ƙara wa nama ko ƙashi komai ba, saƙon da ke cewa a huta ne ta toshe a hanya. Baya na ciwo, gwiwa na lalacewa, mai su bai da labari.

Jiki kuwa ba ya zura ido. Idan baƙon sinadari ya yawaita, sai gurabun su rage amsawa, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma uku. Tiramol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, amma na bayan fage har 225 ake samu. Yawansa kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mafi muni, akwai irin waɗannan gurabu a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ke kula da numfashi ko mutum yana barci. In maganin ya danne wurin, numfashi ya riƙa ja baya har ya tsaya.

Wani bincike na ƙasa da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 sun sha tiramol da danginsa ba da umarnin likita ba a cikin shekara guda, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari don maye. A watan Mayun 2018, bayan wani rahoton BBC, gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Duk wanda ya sha irin waɗannan magunguna aka same shi a kwance ba ya farkawa, numfashinsa na fita da ƙyar ko yana wani irin munshari, baƙin idonsa ya ƙanƙance, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko ruwa don zai iya shaƙewa. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko Barau Dikko, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko na Kawo, tare da kwalin abin da ya sha.

Wanda jikinsa ya saba, in ya bari rana ɗaya sai zufa, hamma, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso masa, saboda jijiyoyin da suka daɗe a danne sun tashi gaba ɗaya. Mari da bulala ba sa gyara wannan. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gida a Rigasa da ake irin wannan horo da sunan gyaran hali, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Abin da likitoci ke yi shi ne rage maganin sannu a hankali, su magance wahalar barinsa, su haɗa da shawara. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, a ƙetaren kogin Kaduna, yana karɓar masu wannan larura.