Kam'a da Naman Kaza: Na Ci da Mai Guba

Wanda ya je Umara tsakanin Janairu da Afrilu zai iya cin karo da kam'a a kasuwa, wadda Larabawan yankin ke kira faƙa'a, 'yan Aljeriya da Maroko kuma su ce tarfas. 'Yar'uwar naman kaza ce, sai dai a cikin ƙasa take nuna. Ga abin da za a duba, a can da kuma nan gida.

1. Dubi jikinta. Kam'a dunƙulalliya ce kamar dankalin turawa, ba ta da kara, ba ta da laima. Mai launin ƙasa-ƙasa masana na kiranta Terfezia. Farar kuwa, zubaidi, ita ce Tirmania, kuma ta fi tsada.

2. A tsaga ta biyu. Wannan shi ne babban gwaji. Cikin kam'a a cike yake, fari ko jaja-jaja, da siraran jijiyoyi. Idan an ga baƙi ko shuɗi mai duhu, fata mai kauri, ko gari na zuba, a jefar. Mai yiwuwa Scleroderma ce, mai haddasa amai da gudawa.

3. A tuna kam'a 'yar hamada ce. Ruwan hunturu ke fito da ita a gindin wata 'yar ciyawa, Helianthemum. Don haka dunƙulen da yaro ya tono da damina a gindin bishiya a Gwaram, ko tsakanin duwatsun Birnin Kudu, kada a yi masa kallon kam'a.

4. Naman kazanmu na ci da aka fi sani shi ne mai fitowa a kan suri: tsakiyar laimarsa da tsini, saiwarsa doguwa har cikin gidan gara. Ko shi ma, a nuna wa dattijon da ya daɗe yana cinsa.

5. Laimar kwaɗin da ƙarƙashinta ya yi kore-kore, ko gindinta ke cikin wata 'yar jaka, a bar ta. Dafuwa ba ta kashe gubar wasunsu, kuma don akuya ta ci ba hujja ba ce.

6. In an ci aka ji ciki ya murɗa, a ɗauki ragowar a garzaya asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Mafi haɗari sai bayan awa 6 zuwa 24 yake nuna alama, ya lafa kamar an warke, alhali yana cin hanta.