Guduma, Amalanke da Birki: Bayani a kan Ƙarfi da Motsi

Masana tarihi suna cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, har ya yada zango a gindin Dala, kuma zuriyarsa su ne ake kira Abagayawa. Ke nan ɗan makarantar sakandaren da ya tashi a Gaya ko Ajingi bai kamata ya ji baƙunta ba ranar da malamin fiziks ya rubuta maganar ƙarfi da motsi a allo. Kakanninsa sun daɗe suna aiki da wannan ilmi a bakin maƙera, lambobi ne kawai ba su sa masa ba. Abin takaici, yara da yawa sukan haddace dokokin motsi guda uku don jarrabawar WAEC ko NECO, su juye su a takarda, ran kasuwa kuma ka hango su a ƙololuwar buhuna bisa a-kori-kura, ƙafafu suna reto. Don su aka yi wannan takarda, da iyayensu.

A wannan fanni, in aka ce ƙarfi, turi ake nufi ko ja, shi ke nan. Mai ɗiban ruwa yana jan guga, ɗan garuwa yana tura kura, shanun huɗa suna jan garma, ƙasa kuma tana fizgar kowane abu zuwa gare ta. Wannan fizga wasu kan ce mata maganaɗisun ƙasa, amma sunan bai zauna daidai ba, domin maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, ita kuwa ƙasa ba ta bar auduga ba, ba ta bar gashin kaza ba. Ma'aunin ƙarfi sunansa niyuton. Kowane kilo ɗaya ƙasa tana fizgarsa da niyuton 9.8, a ce 10 don sauƙin lissafi. Lita 10 na ruwa kilo 10 ne, saboda haka yarinyar da ke jawo cikakken guga daga rijiya tana fama da niyuton kusan 100. Buhun gero mai kilo 100 kuwa, kusan niyuton 1,000.

To, ga tambaya. Me ke sa abu ya ci gaba da tafiya? Je ka tambayi mai amalanke a Toranke ko Balare, zai dube ka da mamaki ya ce: “Shanu mana, ɗan nan. In suka tsaya, ai amalanke ya tsaya.” Kada ka yi masa dariya. Aristotal, babban masanin Girka wanda ya rayu shekara fiye da 2,300 da suka wuce, haka ya koyar, kuma aka riƙe maganarsa kusan shekara dubu biyu, domin abin da ido ke gani ke nan.

Sai dai akwai wani ƙarfi da ya ɓuya wa ido. Tsaya ka kalli amalanken nan a hanyar rairayi da rani. Tayoyi sun nutse, shanu sun sunkuyar da kai suna huci, igiyar hanci ta miƙe, yaro ya sauko ya sa kafaɗa a baya yana turi, ƙura ta rufe masa ido. Da aka hau kwalta, kayan dai su ne, shanun su ne, amma ga su suna tafiya kamar ba su ɗauki komai ba, yaron ma ya koma ya ɗare kan buhu. Abin da ya ragu shi ne gogayya, wato tirjiyar da ke tasowa duk inda abu biyu suka gogi juna. Ita ce ke tsayar da amalanke, ita ce shanu ke yaƙa tun safe, ita ce dalilin da ya sa ake shafa giris a gindin taya. Da za a iya kawar da ita ƙaf, da turi ɗaya ya isa, amalanke ya yi ta tafiya a kan miƙaƙƙiyar hanya ba saniya ba jaki.

Ibnu Sina, likitan nan na Bukhara wanda ya rasu a 1037, ya hango wannan: ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata zuwa gaba wanda ba ya ƙarewa da kansa, sai wani abu kamar iska ya tare shi. Galileyo na Italiya, wanda ya rasu a 1642, ya yi ta gangarar da ƙwallaye a kan karkatattun katakai yana aunawa. Daga bisani Aizik Niyuton na Ingila ya tattara maganar a littafinsa na 1687. Dokarsa ta farko ke nan: abin da ke tsaye zai zauna a tsaye, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya da gudunsa a miƙe, har sai wani ƙarfi daga waje ya sauya masa hali. Mu kira wannan ɗabi'a naci.

A nan nake so ɗan makaranta ya buɗe kunne, domin naci ba a amalanke kaɗai yake ba, har da jikinsa. Motar da ta taso daga Gaya ta nufi Wudil tana gudun kilomita 60 a awa, duk wanda ke cikinta gudun kilomita 60 yake yi, ko da barci yake. Akuya ta tsallaka, direba ya taka birki. Birki taya ya kama, bai kama fasinja ba. Wanda ke ciki zai haɗu da bayan kujerar gaba ko gilashi, wanda ke saman kaya kuwa ba abin da zai tare shi sai kwalta. Mutane sukan ce mota ta wurgo shi. Gaskiyar magana, mota ce ta tsaya, shi ya wuce. Haka nan a kwana: mota ta juya, jiki yana nacin miƙewa, sai buhu da mai buhu su zame ta gefe.

Doka ta biyu ita ce mai lissafi. Ƙarfi daidai yake da kilon abu sau yadda gudunsa ke sauyawa a kowace daƙiƙa. Ɗan garuwa ya jera jarka 12 masu lita 25 a kura, ruwan ya kama kilo 300. In turinsa ya rinjayi gogayya da niyuton 150, a kowace daƙiƙa gudun kurar zai ƙaru da rabin mita a daƙiƙa. Da ya sayar da rabin ruwan, wannan turin zai ba shi kusan ninki biyu. Dokar ba ta bambanta tashi da tsayawa: abin da ya yi wuyar tayarwa zai yi wuyar tsayarwa. Motar da aka lafta mata kayan da ya wuce kima, birkinta bai ƙaru da komai ba, sai tsawon hanyar da za ta ci kafin ta tsaya.

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Abin da fiziks ya ƙara a kai shi ne yadda yake faɗowa: a kowace daƙiƙa gudunsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa, don haka a daƙiƙar farko ya ci kusan mita 5, a cikin biyu kusan mita 20. Babban dutse da ƙaramar tsakuwa tare suke isa. Iska ce ke riƙe ganye da gashin tsuntsu. A 1971 wani ɗan sama jannatin Amurka, a tafiyar Afolo 15, ya saki guduma da gashin shaho a duniyar wata inda babu iska, suka dira tare, mutane suna kallo a talabijin.

Doka ta uku gajera ce: duk abin da ka tura, shi ma ya tura ka, daidai wa daida, ta fuskar da ka fito. Mai fito a kogin Wudil yana tura ruwa baya, ruwa yana tura kwalekwale gaba. Maharbi ya san yadda bindiga ke naushin kafaɗa. Ɗalibi mai kaifin kai zai ce: in amalanke yana jan shanu baya daidai da yadda suke jan sa gaba, yaya aka yi ake tafiya? Amsar tana ƙarƙashin kofato. Shanu suna tura ƙasa baya, ƙasa tana tura su gaba, shi ya sa a taɓon damina, inda kofato ke santsi, sai a yi ta duka ba a motsa ba. In kuwa babur ya yi karo da tirela, ƙarfin da kowannensu ya sha ɗaya ne. Doka ta biyu ce ta raba su: mai tan talatin ko gezau, mai kilo ɗari ya yi sama.

Yanzu maganar gudu, wadda samarinmu masu sabon babur ba su son ji. Tazarar da birki ke ci ba ta bin gudu ɗaya bayan ɗaya. In gudu ya ninka biyu, tazara ta ninka huɗu. In ya ninka uku, ta ninka tara. Mu ɗauka mota mai lafiyayyen birki a busasshiyar kwalta ta tsaya cikin mita 9 daga gudun kilomita 40. A gudun 80 sai ta ci wajen mita 36, a 120 wajen mita 80. Wannan fa bayan an taka birki ne. Tsakanin ido ya gani da ƙafa ta taka, daƙiƙa guda takan wuce, kuma a gudun 80 mota tana cin mita 22 a daƙiƙar nan ba tare da an rage komai ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari. Ko wannan ba wasa ba ne: wanda ya daki bango da gudun 50 kamar ya faɗo ne daga tsayin mita 10, wanda ya dake shi da gudun 100 kuwa, daga kusan mita 40.

Mu koma maƙera, inda muka faro. Me ya sa guduma mai kilo 2 take lanƙwasa ƙarfen da ƙato zai hau kansa bai ko motsa ba? Maƙeri ya ɗaga ta, ya sauko da ita da gudu, uwar maƙera ta tsayar da ita cak. Mu ce ta iso da mita 10 a daƙiƙa, ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Kilo 2 sau 10, a raba da 0.01, ya ba da niyuton 2,000, kwatankwacin buhu biyu a kan wurin da bai fi tafin jariri ba. Asirin yana cikin gajartar lokacin tsayawa. Ɗora ƙarfen nan a kan tarin yashi ka daka, gumin banza za ka yi, domin yashi yana ja wa guduma lokaci.

Matanmu na ƙauye sun san ɗaya gefen wannan asiri. Dubi mai kawo ƙwan zabi kasuwa: ta zuba ƙaiƙayi a ƙwarya, ta jera ƙwai, ta sake zuba ƙaiƙayi, sannan ta ɗaure da tsumma. Mai tukwane yana cusa ciyawa tsakanin tukunya da tukunya. Duk girgizar da aka yi a hanya, ƙwai a hankali yake tsayawa, saboda haka ƙarfin da ya same shi kaɗan ne. Maƙeri yana gajarta lokacin tsayawa don ƙarfi ya yi yawa, mai ƙwai tana tsawaita shi don ƙarfi ya ragu, lissafin kuwa guda ne.

Mu kawo lissafin nan cikin mota. Uwa ta zauna a kujerar gaba da yaro mai kilo 10 a cinya, ta rungume shi, ta tabbata ba abin da zai ƙwace mata shi. Mota tana gudun kilomita 50, wato kusan mita 14 a daƙiƙa, ta daki wani abu ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Kilo 10 sau 14, a raba da 0.1, niyuton 1,400 ke nan. Sai hannunta ya riƙe abin da ya fi buhun gero nauyi, cikin ƙiftawar ido, alhali ita ma nacinta yana wucewa da ita gaba. Ba uwar da ke da wannan damtse. Wurin yaro kujerar baya ne, a ɗaure.

Bel ɗin mota, wanda aka fara tilasta ɗaurawa a Nijeriya a farkon 2003, aikin ƙaiƙayi yake yi: yana haɗa jiki da mota, ya ɗan saki kaɗan, ya baza ƙarfin a ƙirji da ƙugu maimakon goshi. Hular kwano, wadda aka tilasta wa masu babur a farkon 2009, ita ma haka. Juya ta ka leƙa ciki, za ka ga wani farin abu mai kauri kamar soso. Shi ne ke murƙushewa a hankali, ya ƙara wa kai ɗan lokacin da kwalta ba za ta ba shi ba. Hular da ta taɓa shan mummunan duka ta riga ta gama aikinta ko da bayanta bai tsage ba, domin soson ba ya komawa yadda yake. Wadda kuma aka kifa a ka ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, doka ta farko ta hau kanta: da babur ya tsaya, ita za ta riga mai ita tashi, kai ya isa ƙasa tsirara.