Yadda Ake Koya wa Kare Tsabta

Mutane da yawa sukan ajiye kare don gadin gida, ko farauta, ko tsaron garke, amma kaɗan ne suke koya masa inda zai yi kashi da fitsari. Sai a ga tsakar gida ta ƙazantu, alhali kuwa nan ne yara ke rarrafe, nan ne mata ke shanya hatsi.

Illar ba ta tsaya ga wari kaɗai ba. 'Yan kwikwiyo da yawa da tsutsar ciki ake haihuwarsu, ƙwan tsutsar kuwa yakan fito cikin kashinsu, ido ba ya ganinsa. In ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa sai ya ƙosa. Yaron da ya yi wasa a wurin, ya kai hannu baki, yana iya kamuwa, har wani lokaci cutar takan taɓa ido.

Horon ba shi da wuya, gama kare bisa ga halittarsa ba ya son ɓata makwancinsa, kuma yakan koma inda ya sansano fitsarinsa na dā. Ga yadda ake yi:

1. A zaɓi wuri ɗaya a bayan gida, nesa da rijiya da madafa, kada a canza shi.

2. A riƙa ba shi abinci kan lokaci. Kwikwiyo yakan ji kashi jim kaɗan bayan ya ci.

3. A kai shi wurin da asuba, da bayan kowane ci, da sa'ad da ya farka daga barci, da kuma kafin a kwanta. Ɗan wata 2 ba ya iya riƙe fitsari fiye da kamar awa 2.

4. In aka ga yana sansanar ƙasa yana kewaye, a ɗauke shi maza a kai shi.

5. Da zarar ya yi a inda ake so, a yaba masa, a jefa masa ɗan abinci nan take.

In ya yi kuskure kada a doke shi, kada kuma a goga masa hanci a kai. Kare ba ya danganta duka da laifin da ya wuce, sai dai ya koyi ɓuya. A wanke wurin da sabulu sosai don warin ya fita.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma babban kare ma yana koyo ta wannan hanya, sai dai a ƙara haƙuri. Wanda ya riga ya horu kuwa, in ya soma ɓata gida ba zato, a kai shi ga malamin dabbobi, watakila ciwo ne.

Wajibi ne mai kare ya kwashe kashin kullum ya binne, ya wanke hannu, ya kuma nemi maganin tsutsa tun kwikwiyo yana ɗan mako 2. Rigakafi ya fi magani.