BA KOWANE GIRMAN CIKI NE JUNA BIYU BA: DARASI A KAN ƘARIN CIKI

Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙari ne, wato tsiron da kan fito a cikin mace ya yi ta girma har a ɗauka juna biyu ne, ko kuma ya zauna tare da jariri a ciki ɗaya. Ƙarin da ke yin girman da ya wuce misali ba kasafai ake ganinsa ba, amma duk wanda muka gani da ƙanƙanta ya soma.

Wata rana a ɗakin awo aka kawo mana wata baiwar Allah daga wani ƙauye. Tana tafiya tana haki, zanenta da ƙyar yake zagaye ta. Na ce, "Yaya, watan cikin nawa?" Ta ce, "Sista, shekara biyu ke nan. An ce kwanciya ya yi." Ta sha jiƙe-jiƙe don a tayar da shi, wani mai kyamis kuma ya yi ta ɗirka mata allurai. Muka yi gwajin fitsari, babu ciki. Da aka yi hoto sai ga ƙari cike da ruwa ya mamaye cikinta. An yi mata aiki ta warke, amma sai da aka ƙara mata jini, ta kuma daɗe a kwance. Da tun shekarar farko ta zo, da wahalar ba ta kai haka ba.

Yadda cikin haihuwa ke girma

Cikin haihuwa yana da lissafi. Mako 40 ne, ana ƙirgawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. A mako na 12 ake fara jin mahaifa a saman ƙashin mara. A mako na 20 takan kai cibiya, a mako na 36 kuma ta kai gindin ƙirji. Uwa kan fara jin motsi tsakanin mako na 16 da na 20. Shi ya sa kuke ganin muna ɗora tef irin na tela a cikinku: daga mako na 24, yawan santimita yakan yi kusan daidai da yawan makonni. Idan awo ya zarce lissafi da yawa, to akwai dalili: ko kuskuren ƙirga wata, ko tagwaye, ko ruwan da jariri ke kwance a ciki ya yi yawa, ko kuwa ƙari.

Game da abin da ake kira kwantaccen ciki, a jikin mace jariri mai rai ba ya barci a mahaifa shekara da shekaru. Idan an bincika, abin da akan tarar shi ne ƙari, ko cikin da ya lalace bai fita ba, ko ɗaukewar al'ada saboda wani dalili dabam. Kowanne daga cikinsu yana bukatar a duba shi.

Ire-iren ƙarin da muka fi gani

1. Ƙarin mahaifa, wanda aka fi sani da faiburod. Tsiro ne na naman mahaifa, yakan zo guda ɗaya ko da yawa, daga girman gyaɗa har girman kabewa. Ya fi yawa ga mata baƙar fata, kuma yakan fito musu da wuri. Kusan dukkansa ba ciwon daji ba ne. Alamunsa su ne jinin al'ada mai yawa da gudaji, nauyi a mara, yawan fitsari, wani lokaci da ɓari ko jinkirin haihuwa. Yakan motse bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya.

2. Ƙarin gidan ƙwai. Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, dama da hagu na mahaifa. Wani ƙarin jaka ce mai ruwa ko majina, kuma irinsa ne ya fi kowanne yin girma, domin yakan daɗe bai yi ciwo ba. Mafi yawa ga mata masu shekarun haihuwa ba daji ba ne, amma akwai na daji, musamman ga waɗanda suka manyanta.

3. Cikin ƙulle-ƙulle. A nan gwajin fitsari zai nuna ciki, amma maimakon jariri sai mabiyiya ta rikiɗe ta zama ƙananan ƙulle-ƙulle masu ruwa kamar 'ya'yan inabi. Ciki kan fi watanninsa girma, ga amai mai tsanani, ga zubar jini.

Akwai kuma kumburin da ba daga mahaifa yake ba, kamar taruwar ruwa saboda ciwon hanta ko tarin fuka na ciki, da kumburin saifa. Ido da hannu kaɗai ba sa iya rarrabe waɗannan.

Ba yau aka fara ba

A shekarar 1809, a jihar Kentaki ta Amurka, an ɗauka wata mata mai suna Jane Todd Crawford tana ɗauke da tagwayen da suka ƙi fitowa. Likita Ephraim McDowell ya duba ta ya ce ƙari ne. Ta hau doki ta yi tafiyar kusan kilomita 96 zuwa garin Danville, ya cire mata ƙarin gidan ƙwai mai nauyin kimanin kilo 10, a zamanin da babu maganin sa barci. Ta rayu fiye da shekara 30 bayan haka. Yau kuwa akwai hoto, da maganin sa barci, da ƙarin jini, da magungunan hana ciwo ruɓewa.

Yadda ake ganowa

Za mu fara da tambayoyi: yaushe rabonki da al'ada, yaushe kumburin ya soma, kina jin motsi ko a'a. Ki faɗi gaskiya, har da magungunan gargajiyar da kika sha. Ba faɗa za mu yi miki ba. Sai a taɓa ciki, a saurari bugun zuciyar jariri, a yi gwajin fitsari da na jini.

Babban mai raba gardama shi ne hoton ciki, wato sikanin. Da sauti yake aiki, ba ya cutar da uwa ko jariri. Yana nuna ko akwai jariri, da inda ƙarin ya fito, da ko ruwa ne a cikinsa ko nama. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, a kuma yi mata hoto sau ɗaya kafin mako na 24. Idan ƙarin ya yi girma ƙwarai likita na iya neman babban hoto na MRI ko CT. Ki tabbata kin gaya musu idan kina da ciki, domin na CT akan kauce masa ga mai juna biyu sai in ya zama dole.

Bayan aiki ana kai abin da aka cire ɗakin gwaji. Sakamakon wannan gwaji ne ke tabbatar da daji ne ko ba daji ba. Kada a tafi gida a manta da shi.

Yadda ake magani

Faiburod tare da ciki: yawancin mata suna haihuwa lafiya. Wani lokaci yakan yi ciwo mai tsanani a tsakiyar ciki, a kwantar da mace a ba ta maganin ciwo da ƙarin ruwa har ya lafa. Ba a cika cire shi lokacin goyon ciki ba saboda zubar jini. Yana iya sa jariri ya kwanta a gicciye, ko ya tare hanya, ko ya jawo zubar jini bayan haihuwa. Saboda haka mai faiburod a asibiti za ta haihu. Bayan haihuwa, idan yana damunta, ana iya cire shi a bar mahaifa, ko da yake yana iya sake fitowa. Wadda ta gama haihuwa ana iya ba ta shawarar cire mahaifar.

Ƙarin gidan ƙwai tare da ciki: ƙananan da ake gani a farkon ciki sukan baje da kansu kafin wata na 4. Babba ko wanda likita bai yarda da kamanninsa ba, an fi son yin aikinsa a wata na 4 zuwa na 5, lokacin da haɗarin ɓari ya ragu. Idan aka cire gidan ƙwai ɗaya, ɗayan ya isa mace ta ci gaba da al'ada da haihuwa.

Cikin ƙulle-ƙulle: ana wanke mahaifa, sannan a riƙa gwajin jini a kai a kai, mace ta dakata da ɗaukar ciki na tsawon watannin da likita ya ɗibar mata. Kaɗan daga cikinsu kan juye su zama daji, amma irin dajin da ke jin magani ne sosai idan an kama shi da wuri.

Alamun da ba a kwana da su a gida

1. Ciwon mara na farat ɗaya a gefe guda tare da amai. Ƙari na iya murɗewa, kuma aikin gaggawa yake bukata.
2. Zubar jini ga mai ciki, komai ƙanƙantarsa.
3. Numfashi da ƙyar, ko kasa fitsari ko bayan gida.
4. Jiri, farin ido da farin tafin hannu.

Waɗannan kuma a zo a cikin mako: ciki yana girma alhali jiki yana ramewa, ciki ya wuce wata 5 ba motsi, saurin ƙoshi da ɗan abinci, kumburin ciki ga wadda al'adarta ta ɗauke. Haka nan idan uwa ta ji wani ƙullutu mai tauri a cikin yaro lokacin wanka, kada ta ce shawara ce ko basir. Akwai ƙarin ƙoda da ke kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma yana warkewa idan an zo da wuri.

Abin da za a kiyaye

Kada a yi sakiya, ko tsaga, ko ƙaho a kan kumburarren ciki. Kada a danna ko a murza da ƙarfi. Huda ƙari na iya fasa hanji, ko sa jini ya zuba a ciki, ko ya watsa cutar. Babu jiƙon da aka tabbatar yana narkar da babban ƙari, wasu ma ƙoda da hanta suke lahantawa. A yi addu'a, a kuma zo asibiti.

Kira ga maigida da uwar miji

Mata da yawa sun san da ciwon, izini da kuɗin mota suke jira. Wasu kuma kunya ke hana su, musamman budurwa ko bazawara da ke tsoron a ce cikin shege ne. Kafin a zargi yarinya a kawo ta a gwada, gwajin fitsari minti kaɗan ne. Idan an sa ranar aiki, a nemi 'yan'uwa masu ba da jini tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Maigida ya zo da kansa ya ji bayanin likita, ya yi duk tambayar da ke ransa kafin a sa hannu.

Ku fara da asibitin da ya fi kusa da ku, ko ƙaramin asibitin unguwa ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su ba ku takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na Shika daga nan Tudun Wada a shekarar 2005. Ku riƙe katin awo da duk takardun hoto, ku zo da su kowane zuwa.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.